Rasuwar Shuɗiya, Motar Malama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da ya ƙi bushewa, Malama, wadda ta tsufa tana koyar da lissafi, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar motarta Shuɗiya, wadda ta cika a kan hanyar dawowa daga asibiti.

Marigayiyar ta girmi duk 'ya'yan gidan. Ita ta kwaso su daga ɗakin haihuwa, ita ta bi gawar maigidan a hankali. Tun daga ranar ita ce ƙafar Malama. 'Ya'yan sun daɗe da yanke hukunci cewa tsohuwa ba ta zama ita kaɗai, amma suka yi mata rangwame: muddin Shuɗiya na kai ta kasuwa da asibiti, ta zauna a gidanta. Ranar da motar ta tsaya, sai a koma gidan babban ɗa.

Ciwon ajali ya fara da ɗan kuka daga baya, "wuuu", in an ɗaga ƙafa daga totur. Masana na bakin titi suka ce tsohuwar mota dama haka take. Malama ba ta taɓa yarda cewa tsufa cuta ba ne. Ta ce boris ne ya ci, wato zoben ƙarfen da ƙaramin giyan cikin aksil ɗin baya ke juyawa a kai, kuma da aka buɗe, shi ɗin ne.

Ta sha riƙe wa marigayi maigidanta fitila yana wannan aiki. Yakan ɗiga fenti a kan noti kafin ya kwance, ya ajiye wata siririyar woshar ƙarfe da ke tare da boris ɗin kamar zinariya, ya ɗumama sabon boris a mai har ya shiga ba tare da an buga shi ba. In ya zo ɗauri, kaɗan-kaɗan yake yi, yana juyawa da yatsu yana sauraro. Duk ta faɗa wa bakanike. Ya ce Mama ta je ta huta a inuwa, ɗauri ai sai da ƙarfi. Ya sa guduma, ya zura bututu a sufana, ya hau kai da duk nauyinsa. Woshar kuwa, a cikin shara aka tsince ta daga baya.

Shuɗiya ta yi shiru na 'yan kwanaki, har aka yi ta yi wa Malama barka. Sannan ta ce "ƙurrr", ta ce "ƙas", ƙafafun baya suka ƙame. Haƙoran giyan sun zube cikin mai, kuma irinsu an daina ƙerawa.

Ta rasu ta bar taya huɗu da safaya, rediyo mai kama tasha ɗaya, da tabon mai a ƙasan rumfa. Ta bar Malama.

Janwe, mai jan matattun motoci, zai ɗauke ta ranar Asabar da safe zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Ana roƙon a ja ta a hankali, ba ta saba da gudu ba. Ba za a yi zaman makoki a gidan ba, domin a ranar za a rufe shi. Masu ta'aziyya za su sami Malama a gidan babban ɗanta, ɗakin ƙarshe, kusa da sito. A ƙwanƙwasa da ƙarfi, tagar ba ta kallon titi.