Wandon Da Ba a Faɗaɗa Ba

"Ya gajiya, tsohuwa mai haƙori uku?"

"Babu gajiya, angona buhun siminti. Shigo a karkace, ƙofar aro ce."

Kaka tana gyangyaɗi ne a kan keken ɗinkinta, hasken la'asar na lilo a kan zaruruwa. Jikanta ɗan shekara tara ya ajiye wandon makaranta da gwangwanin biskit, yana haki don ya hau matakala bakwai kacal.

"Karo na uku ke nan. Kawo in ƙara masa ƙyalle."

"Maɓalli kawai za ki sa. Ga biskit ɗinki kuma, na kama shi a jakata. Likita ta ce ke ce cutar."

"Likitar nan da iska ke ɗauka?"

"Ta ce zuciyata aikin mutum biyu take yi."

"Sona ne ya yi mata nauyi."

"Sonki? Jiya na yi mafarki ina gudu a filin makaranta har na tashi sama. Na leƙo, ga ki kina jifana da alewa."

"Na same ka?"

"Hedimasta kika samu."

Dariyar Kaka ta tsaya a rabi. A zamaninta, yaro mai kumatu shi ake sa ran zai ga baɗi. Ta tuno ɗanta na fari, wanda take zagaye damtsensa da yatsu biyu, har ranar da mutuwa ta karɓe shi daga cinyarta. Tun daga nan hannunta bai iya rufe wa yaro gwangwani ba. Yanzu kuma wai ƙoshin ma ciwo ne, ka ji duniya. Amma hakin yaron bai lafa ba, kunnenta kuwa ba ya mata ƙarya.

"In ka rame, na sake ka."

"Sakin a hannuna yake."

"Yaushe ne gasar gudun makarantarku?"

"Ƙarshen zango. Ba na ɗaya nake nema ba, Kaka. Ni dai in kai ƙarshe ban zauna a hanya ba."

Ta ɗinka maɓallin a inda yake. Sannan ta jawo kwandon ƙyallayen da take tarawa don faɗaɗa wandunansa, ta kitsa su, igiya ta fito doguwa mai launi-launi.

"Ungo, je ka yi tsalle. A waje, kada ka rufta min ɗaki."

"Biskit ɗin fa?"

"Zan ci abina."

"Da haƙori uku?"

"Da shayi zan jiƙa, tsohon banza," in ji Kaka, tana dariya tana danne murfin gwangwanin da tafin hannu.