Salansar da Ta Kusa Hana Ni Aure

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na je gaishe da mahaifin Rabi, yarinyar da nake nema, a unguwar Kurayyat, karo na farko. A lokacin ina direban wani Balarabe a Jidda, tsohon soja ne da ya yi ritaya. Kafilin nawa, wato ubangidan da nake zaune a ƙasar a ƙarƙashinsa, ba shi da hira sai ta bindiga, ni kuwa ina tuƙi ina kwashewa kamar mai ɗaukar karatu.

Na tarar da falon cike da dattawa, 'yan'uwan mahaifin nata da maƙwabta, an zo a ga mai neman 'yar gida. Na durƙusa na gaida kowa, aka ba ni shayi. Sai Baba Alhaji, mahaifin Rabi, ya dube ni ya ce, "Ɗana, an ce sana'arka ta ƙarfe ce. Ka san sha'anin salansa kuwa?"

Wallahi sai na ji kamar an sosa mini inda yake ƙaiƙayi. (A gidan kafilina, in aka ce salansa, abu guda ake nufi.) Na ajiye kofi, na gyara zama.

"Ai Baba, kun zo gidan. Bututu ne da ake ɗaurawa a bakin bindiga. Cikinsa ɗaki-ɗaki ne, iskar harbi tana shiga tana hucewa kafin ta fito. Tun yaƙin duniya na biyu sojojin ƙundumbala ke tsallakawa da ita bayan abokan gaba. Kuma kar ku yarda da abin da ake nunawa a fim, ba ta kashe ƙara gaba ɗaya, ragewa take yi, har mutum ya kasa gane daga ina aka harbo."

Har da ɗaga hannu na auna taga, na ce "tuf!" don su ji misali.

Falon ya yi tsit. Ni a wautata na ɗauka ilimina ne ya ratsa su. Na manta rabin mutanen nan umra suka zo suka zauna, ba mai iƙama, wato takardar izinin zama, ko kakin mai gadi suka hango sai sun sake hanya. Wani dattijo ɗan Nijar ya miƙe ya ce, "Yalla, ni na bar shago a buɗe." Na kusa da shi ya bi bayansa, takalmi a hannu.

Baba Alhaji ya dube ni ya ce a hankali, "Ɗana, ta mota nake nufi. Tawa ce ta fashe, tana hana unguwa sakat. Kai tsakaninka da Allah, aikin me kake yi a garin nan?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Gumi ya jiƙe mini sabuwar jallabiya. Na hau rantsuwa ni direba ne, ban taɓa riƙe ko ta harbin tsuntsu ba. Daga bayan labule na jiyo mata sun tuntsire da dariya, kuma na gane muryar Rabi a ciki.

Sai da Baba ya tura ƙaninsa ya ga kafilina ido da ido kafin ya ce, "Halas, na ba ka." Motar kuwa ni na kai ta gareji aka yi mata walda.

Yau 'ya'yanmu sun girma, amma dattawan Kurayyat ba su san ni da wani suna ba sai Kwamanda. Tun daga ranar, in suruki ya yi mini tambaya, sai na fara da "Wacce kuke nufi, Baba?" Ashe bakina ne ya fi kowace bindiga buƙatar salansa.