Injiniya a Kan Juji

"Ni da kuke gani, in na danna kwamfuta sau uku sai ta gaya mini abin da za a dafa a gidan kowa gobe."

Wannan maganar Muntaka ce, ɗan Baba Dabo na ƙauyenmu, can bayan Bici. Aboki, in ba ka san Muntaka ba, ka huta. Wata uku kacal ya yi yana koyon sayar da kwamfuta a shagon Hajiya Rukayya da ke cikin Bici, amma tun a sati na biyu ya hana kowa kiransa da sunan yanka, sai Injiniya. Ko innarsa ce ta ce Muntaka, sai ya yi kamar da bango take. Mu kuwa a bayan idonsa Injiniya Goge-Goge muke ce masa, don duk wanda ya leƙa shagon, tsumma yake gani a hannunsa.

Shekarar nan ce da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, takin zamani ya gagari talaka, kowa ya koma wa takin gida. Baba Dabo na da jujin da ya fi na kowa tsayi, ga jaki ga mangala, mai korar jakin kawai ya rasa. Kullum yakan ce wa ɗansa, "Ranar da Hajiya ta sallame ka, mangala na jiranka." Babu abin da Muntaka ke tsoro a duniya kamar mangalar nan.

Ran nan Hajiya ta kira shi. Ƙungiyar manoman garinmu na son kwamfuta don duba hasashen ruwa, saboda iri ya yi tsada, ba mai son ya shuka rana ta ƙone. Ta ɗauko wata 'yar gwanjo da aka kawo daga waje a satin.

"Wa'adin koyonka ya cika," in ji ta. "In ka sayar da wannan, ka zama ɗan shago. In ka dawo da ita, ka gaida Baba. Ka saita mata gari da lokaci kafin ka tafi, kamar yadda na koya maka. Ga leda ka nannaɗe ta, damina ta kusa."

Gogan naka yana can yana kallon fuskarsa a baƙin allon, yana karkata hula.

"Hajiya, ni za a tuna wa saiti? Ai ni da kwamfuta uwa ɗaya uba ɗaya muke."

Bai saita komai ba. Ledar kuwa a tasha ya ba mai ƙosai, wai injiniya ba ya yawo da leda kamar ɗan cefane.

Bayan la'asar aka taru a gindin tsamiya. Ga Malam Hadi shugaban ƙungiya, ga Hafsatu malamar firamare mai riƙe musu rubutu, ga Inna Kulu mai daddawa da tirenta. Sai ga Injiniya cikin kwat na aro da takalmi sau-ciki, a wannan zafin na bazara, gumi har cikin kunne. Ya buɗe kwamfuta a hankali kamar mai buɗe lefe.

Malam Hadi ya leƙa, ya dubi agogon hannunsa.

"Injiniya, agogon na'urar nan ya ce bakwai da rabi. Mu kuwa yanzu muka idar da la'asar."

Da mai hankali ne, a nan zai tsaya ya yi tunani. Amma Muntaka ko ƙifta ido bai yi ba.

"Malam, abin da ya sa ta fi sauran ke nan. Awa uku take gaban duniya. Duk abin da zai same ku da magariba, ita ta riga ta gani."

"Ashe har ta yi isha," in ji Inna Kulu. "Allah ya karɓa mata."

Aka zo duba hasashe, babu sabis. Ya ɗaga wayarsa da ya haɗa da kwamfutar, ya zagaya tsamiya sau biyu, shiru. To kowa a garinmu ya san wuri ɗaya ne ake samun sabis, kan jujin Baba Dabo. Can mata ke hawa su kira 'ya'yansu da suka tafi ci-rani. Injiniya ya kama hanya, jama'a na biye da shi. Yana hawa takalmin na nutsewa, har ya kai ƙoli ya tsaya, fuskarsa yamma, don ta nan sabis ke shigowa. Jakin Baba na ɗaure a gefe yana kallonsa.

"Ta kawo," in ji shi. "Ga rana goma a jere, jawur. Kwana goma ko ɗigo babu. Kowa ya mai da irinsa rumbu."

Inna Kulu ta gyara ɗaurin zani.

"Ɗan nan, shamuwa ta sauka tun shekaranjiya. Tururuwa na kwashe ƙwai. Gwiwata kuma tun safe take tsuka."

"Inna, gwiwar taki tana da tauraron ɗan'adam ne? Wannan ilimi ne, teknoloji. Zamanin tambayar tururuwa ya wuce."

Ta rufe daddawarta da faifai ta nufi gida. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle juji. Mu da ke ƙasa muna fuskantar gabas, muna ganin hadari ya haɗo baƙi ƙirin a bayan ƙeyarsa. Mata na ta kwashe shanya, awaki na gudu gida, shi kuwa yana ta zuba bayani a kan batir.

"Injiniya, ko za ka ɗan waiwaya?" in ji Malam Hadi.

"In na waiwaya sabis zai tafi."

Ɗigo ya sauka a kan allo.

"Tsuntsu ne," in ji shi, ya goge da hannun kwat. Wani ya sauka a hancinsa, wani a hula. Sai ya juyo da allon wajenmu. "Ku duba da idonku, kada ku bari sama ta ruɗe ku."

Hafsatu ta hau rabin juji, ta gyara tabarau, ta karanta.

"Muntaka, nan sama Dubai aka rubuta. Hasashen garin da ta fito ne kake karanta mana."

Malam Hadi ya shafa gemu.

"To, gonakinmu na Dubai sai su jira. Na nan kam gobe shuka."

Bai rufe baki ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Injiniya ya laluba aljihu yana neman leda, leda na can Bici cike da ƙosai. Ya cusa kwamfuta cikin kwat, ya ɗaga ƙafa zai sauko, takalmin ya ƙi biyo shi. Juji ya jiƙe, ya yi santsi. Ya taho da mazaunai tun daga ƙoli har ƙasa, kwamfuta ta riga shi isa, ta lume cikin taki har rabi. Na tausaya masa, wallahi, amma sai da na gama dariya.

Washegari gari ya fita da sungumi ana shuka, shi kuma ya nufi Bici da gawar kwamfuta a hammata. Hajiya ta karɓa, ta sansana, ta ajiye ta can nesa.

"Cewa na yi ka sayar wa manoma, ban ce ka shuka ta ba. Ka gaida Baba."

Ya tarar Baba Dabo ya riga ya ɗora wa jaki mangala, yana riƙe da igiya.

"Baba, ni fa injiniya ne," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Na sani, shi ya sa na zaɓa maka na'ura mai kyau," in ji Baba, ya miƙa masa igiyar. "Ba ya son caji, ruwa ba ya kashe shi, kuma tun da na saye shi bai taɓa zaton a Dubai yake ba."