Ranar da Na Ari Dabarar Malamin Nasara a Filin Roƙon Ruwa

Tsufa ya sa yanzu nakan manta inda na ajiye carbina, sunan jikana ma wani lokaci sai an tuna mini. Amma ranar roƙon ruwa a Yasore kam ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma duk sa'ad da ta faɗo mini sai in ji raina ya ɓaci kamar yau aka yi. Limancin gari sukutum na zubar a ranar, da bakina, a gaban maza da mata har da awaki.

Kawuna Alhaji, ƙanen mahaifiyata, shi ya jawo mini. Shekaru ya yi a hanyar Makka da ƙafa, ya dawo Batsari ba raƙumi ba jaki, sai labari cike da baki. A Masar ya yi wa wani attajiri Banasare aikin ɗaurin kaya, can ne ya ji tarihin wani babban malaminsu da ya mutu tun ɗaruruwan shekaru. Wai malamin ɗan sarauta ne, amma ya bar gida ya bi wasu masu wa'azi da suka rabu da dukiya. 'Yan'uwansa suka tare shi a hanya, suka kulle shi a soro kusan shekara, bai sauya ra'ayi ba. Ƙato ne mai jiki, ga shiru, har abokan karatunsa suna kiransa bijimin sa. Ya karanta littattafan Yunanawa, ya karanta na malamanmu na Andalus, ya tsaya a kan cewa hankali da wahayi ba sa karo, tunda Ubangiji ɗaya ne ya ba da su. Daga ƙarshe wai ya ajiye alƙalami bai gama babban littafinsa ba, ya yi shiru har mutuwa ta riske shi a kan hanya. (Da ina da hankali, wannan shirun zan ara. Ina!)

Abin da ya shiga kaina shi ne yadda yake koyarwa. Kawu ya ce mutumin ba ya fara da ra'ayinsa. Sai ya kawo tambaya, ya jera hujjojin abokin gāba ɗaya bayan ɗaya, ya ƙarfafa su fiye da yadda mai su zai iya, sai kowa ya tsorata sannan ya juyo ya rushe su. Na ce, "Kawu, ai wannan dabara ce!" Ya ce, "Ɗana, ni dai labari na ba ka." Ka ji fa. Ya cusa mini abu a kai, ya zame.

A shekarar nan limaminmu ya rasu, damina kuma ta ƙi sauka. Iri na cikin rumbu, gonaki an share, sama fayau. Dattawa sun rabu biyu a kan wanda za a naɗa: ni, da wani Malam Sule da ya taso daga Tsaskiya, wanda wallahi ko rabin abin da na karanta bai karanta ba. Mai gari ya kira ni ya ce, "Gobe da hantsi kai za ka ja mu sallar roƙon ruwa. In dattawa sun gamsu, rawani naka ne." Na ce, "Ranka shi daɗe, za su gamsu." A raina kuwa cewa na yi gobe zan nuna wa ƙauyen nan abin da ake kira ilimi.

Gari duka ya fito bayan ganuwa, tsofaffi da mata da dabbobi, har Fulanin ruga sun zo da sandunansu. Na ja raka'a biyu lafiya lau. Na miƙe na juyo na fuskanci jama'a don huɗuba, wato su suna kallon gabas, ni na ba gabas baya. Taron ya yi yawa, murya ba ta kai ƙarshen sahu, don haka aka tsayar da Baba Sankira, tsohon mai shelar gari, yana ɗaukar maganata yana jefa wa na baya, kamar yadda aka saba.

Na gyara murya na ce, "Jama'a, ga tambaya: shin addu'a tana da amfani? Mai musu zai ce ba ta da shi, don Allah Ya riga Ya san bukatarmu, ba sai mun gaya Masa ba."

Baba Sankira ya cika ƙirji ya kwarara: "Malam ya ce addu'a ba ta da amfani! Allah Ya riga Ya sani!"

Ina "mai musu" ya shiga? Tsohon nan ya haɗiye shi! Shekara arba'in yana shela, aikinsa ya yar da ƙaiƙayi ya miƙa ƙwaya, shi a ganinsa "mai musu zai ce" ƙaiƙayi ne. Na harare shi, ya gyaɗa mini kai wai ya gane. Maimakon in tsaya in gyara, girman kai ya ce mini ci gaba, in ka zo rushewa za su sha mamaki. Na kawo hujja ta biyu: abin da aka ƙaddara ba ya sauyawa, in an rubuta ruwa zai zo, in ba a rubuta ba ko mun kwana nan banza ne.

"Malam ya ce fitowarmu banza ce!"

Wata tsohuwa ta rafka salati. Na ga idanun mutane sun firfito, bakuna a buɗe, wasu har suna nuna ni da yatsa. Ni wawa sai na ji daɗi! Na ce a raina, yauwa, tsoron ya kama su, dabarar Banasare tana aiki. Ashe ba ni suke nunawa ba. Hadari ne ya haɗo a bayana, baƙi ƙirin, kowa na ganinsa sai ni mai ilimi.

Ina cikin hujja ta uku, wadda na fi wahala a kanta, Malam Sule ya miƙe daga tsakiyar sahu, ya juya rigarsa kamar yadda ake yi a roƙon ruwa, ya ɗaga hannu sama yana kuka yana cewa, "Ya Allah, kada Ka kama mu da abin da wannan ya faɗa! Ya Allah, Ka shayar da mu!" Jama'a suka ɗauka da amin. Na ɗaga murya na ce, "Ku dakata, yanzu zan ba da amsa!" Ban rufe baki ba aka saki wata tsawa da ta sa ni kaina na durƙusa. Sai ruwa, kamar da bakin ƙwarya.

Duk wanda ya san manomi ya san abin da ruwan farko ke yi masa. Kafin in miƙe fili ya watse. Wannan ya ruga ɗauko sungumi, wancan ya ruga buɗe rumbu, mata na guɗa, Fulani sun bi shanunsu. Na tsaya cikin taɓo ina ihu, "Amsar! Jama'a, amsar!" Baba Sankira kaɗai ya rage, ya lulluɓe kai da buzu, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, in ƙara da wani abu ne, ko in tafi?" Da ba don furfurarsa ba, da buzun nan zan shaƙe shi.

Abin da ke ƙona mini rai har yau: ni na ja sallar! Raka'a biyun nan ai nawa ne, ba na Malam Sule ba! Amma kafin la'asar labari ya kai Batsari cewa wani malami ya ce addu'a banza ce, Allah Ya ba shi amsa da tsawa, hawayen Malam Sule suka ceci gari. Kawu Alhaji da na je wurinsa sai ya ce, "Shi Banasaren ai a cikin ɗaki yake yi, gaban ɗalibai." Sai yanzu ka tuna da wannan, Kawu?

Da aka gama shuka na tafi wurin mai gari, na zube, na ce a bar ni in ƙarasa. Ya ce, "Ƙarasa mana." Na ce ba ma addu'a don mu sanar da Allah ko mu sauya hukuncinSa. Shi ne Ya ƙaddara ruwan, Ya kuma ƙaddara cewa ta hanyar roƙo za a samu, kamar yadda Ya ƙaddara gero amma sai an shuka. Mai gari ya dube ni ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya ce, "Ɗana, wannan ai kakata ma ta sani. Mi ya hana ka faɗe ta tun farko mu tashi?"

Ranar Juma'a aka naɗa wa Malam Sule rawani. Abin da na koya dai, in za ka yi wa manomi wa'azi, ka fara ba shi amsar, tambayar ta biyo baya in sama ta bari. Shekara talatin ke nan ina sallah a bayan mutumin nan, yana tsallake maddi a karatu ina haɗiye gyara, don duk ranar da na yi gyaran murya a masallaci sai wani ya leƙa waje ya dubi gabas.