Rigar da ta mai da ni ɗan zem

Watana biyu a Zongon Kwatano ina koyar da Ingilishi, na tabbatar wa kaina cewa na gama sanin garin. Na sayi babur, na sa tela ya ɗinka mini riga ruwan ɗorawa saboda taron iyayen yara a makarantarmu da ke Cadjèhoun.

Ranar taron da safe Alhaji Isufu, dillalin shanun da nake haya a gidansa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, da wannan rigar za ka hau babur?"

Na ce masa haka 'yan boko ke ado a Zariya.

"To, Allah ya ba da kasuwa," in ji shi. Na amsa da amin, har da shafa fuska.

Kullum ina ganin 'yan acaɓan garin, waɗanda ake kira zem, amma ban taɓa lura cewa wannan launin ne rigar aikinsu ba.

A danjar farko wata dattijuwa ta ɗare bayana ba ko sallama. Na yi mata bayani da Hausa, na ƙara da Ingilishi, ita kuwa sai dukan kafaɗata take tana nuna hanya. Kunya ta sa na bi. Sai ga mu a ƙofar makarantarmu, iyaye da ɗalibai sun cika wurin. Ashe kakar ɗalibata ce, taron ta zo.

A gaban kowa ta shaida wa direktan makarantar da Faransanci cewa wannan zem ɗin yana da ladabi, sai dai bai iya tuƙi ba.

Rigar na tura wa ƙanena Zariya. Amma har yau, in na fito da babur, Alhaji kan ɗaga hannu daga kan tabarmarsa.

"Zem, Fidjrossè za ni."