Kwalbar Zumar Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Yaya ya kira ni daga gida ba. Ina tsaye a kicin ɗinmu na unguwar Hayyin Ashir, can ƙasar wajen da muke karatu, ya ce, "Sai haƙuri, Baba ya cika." Na ajiye abin da ke hannuna, na zauna a ƙasa.

Abin da ke hannun nawa kwalbar zuma ce, amma ba zuma a ciki. Baba ne ya aiko min da ita saboda tarin da yake ji a muryata, har ya rubuta "zuma" da ajami a murfin. Ya san tarin na taba ne. Na yi masa alkawarin dainawa, sai na koma sigarin lantarki, ina haɗa ruwansa da kaina a ɓoye. Zaƙi ne ya ba ni wahala. Na gwada sukari, ya ƙone. Na gwada ragowar zumar Baba (Allah ya yafe min), ta lalata na'urar. Daga baya na samo ruwan zaƙi mai ƙamshin mangwaro a wani shago a unguwar Faisal, na zuba haɗin duka a kwalbar, don ba mai zargin zuma.

Bayan la'asar ɗalibai suka cika falo don ta'aziyya. Malam Sani, dattijonmu da ke jan mu sallah, ya yi addu'a mai tsawo. Habu, abokin zamana, ya kawo shayi. Sukari ya ƙare, sai ya ɗauko kwalbar.

Malam ya duba murfin. "Rubutun marigayi ne wannan?"

Na ɗaga kai, na ga ya cika cokali.

"Mu sha albarkar dattijo," in ji shi.

"Malam, kar ka sha!" Ban san na iya ihu haka ba.

Malam ya shinshina cokalin. "Ƙanena, kudan zuman garinku mangwaro suke ci?"

"Allah gafarta Malam, ruwan sigari ne. Zai cutar da kai."

Wani ya ce inna lillahi, ban san ko ta Baba ce ko tawa ba. Habu ya riƙe baki. Mutum ashirin da suka zo jajanta wa ɗan malami suna kallona, ni kuma ina kallon tabarma.

Malam ya mayar da cokalin a hankali, ya rufe kwalbar, ya miƙo min. "Ma'alish, ba komai. Marigayi ya sani?"

"Ya san na taba. Na ce masa na daina."

"To, sai ka mai da maganar gaskiya." Ya sha shayinsa ba zaƙi.

Na dai koyi cewa in za ka ɓoye abu, kar ka ɓoye shi a cikin abin da mutane ke marmari. Kwalbar na nan a kan firij. Ban ƙara mata komai ba, ban kuma zubar ba. Alkawarin ma har yau ban cika shi ba.