Damina Ba Ta Jiran Mai Almakashi

A tsaye nake rubuta muku wannan shafi, jama'a, kuma ba don girmama kowa ba. Ƙugu ne ya ƙi zama. Wata ranar Talata na dawo daga jigilar fasinja a adaidaitata, na ci abinci, na haye ragar kwanciyata a cikin sabon gidan da hukuma ta gina mana bayan girgizar ƙasa. Ban gama hamma ba sai ji na yi a ƙasa, ƙugiyar da na kafa a bango ta biyo ni ɗauke da rabin bulo. Matata Nicanora tana tsakar gida tana shanya jatan lande. Da ta ji tim, ba ta tsaya tambaya ba, ta kwarma ihu, "Ta dawo! Ta dawo!" Kafin in lalubi takalmi duk layinmu ya fito titi, wata da jariri, wani da akwatin talabijin, maƙwabcina Melquíades da kumfar sabulu a ka. Kada ku yi mana dariya. Wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya ruga, mu kuwa a wannan yanki na Oaxaca ƙasar da muke takawa ce ta sare mu.

Melquíades compadre na ne, shi ya riƙe 'yata a coci ranar baftisma, saboda haka yana da lasisin ci mini mutunci. Ya leƙo ya gan ni a baje.

"Au, Herminio, ashe kai ne girgizar? Ai da ka sanar za ka kwanta, da mun sauke tukwane daga kan kanta."

Na ce, "Bangon ne ba shi da ƙwari, compadre."

"Bango lafiyarsa lau. Tumbinka dai za a kai wa injiniya ya auna."

To bari in fara da godiya, kada a ce talaka butulu ne. Gidajen nan sun yi kyau. Farare tas, a jere, in ka hango su daga jirgin sama sai ka yi ƙwalla don daɗi, kuma na ji an ce daga can aka fi kallonsu. An rantse mana ko ƙasa ta yi rawar da ta ga dama ba za su faɗi ba, ni kuma ban musa ba. Matsala ɗaya ce 'yar ƙarama. Waɗanda suka zana su mutanen babban birni ne, inda ake kwana a gado a lulluɓe da bargo. Mu kuwa a raga ake haifarmu, a raga ake yi mana jinya, a raga muke yin faɗa da matanmu mu shirya. Ɗakin da suka ba mu bai kai tsawon raga ba, in ka matsa ka ɗaura sai ka kwana a lanƙwashe kamar jatan landen Nicanora. Babu rumfa a ƙofa, babu ginshiƙi ko ɗaya da za ka ɗaura igiya. Rufin kankare kuwa a wannan zafi na kafin damina, Nicanora ta ce ba ta taɓa samun wurin nunar da ayaba irinsa ba.

Zuwa da kai ya fi aike. Washegari na ɗauki guntun bulon nan na ɗingisa zuwa ofishin masu kula da sake gini. Na tarar da wani bawan Allah a ƙarƙashin fanka, ya dubi bulon, ya dube ni.

"Wa ya ba ka izinin huda bango?"

"Ranka ya daɗe, gidana ne."

"Tukuna dai. Sai Mai Girma ya zo ya yanke zare ya miƙa. Kafin nan ko ƙusa ba a bugawa, ko kara ba a jinginawa."

"Amma ai ina ciki, har da kajina."

"Kana ciki a matsayin baƙo. Baƙo kuwa ba ya gyara gidan mai gida."

Na tambayi yaushe Mai Girma Uban Marasa Rufi, Sarkin Almakashi, zai samu sarari. Aka ce nan ba da jimawa ba. Tun lokacin iskar arewa yake zuwa nan ba da jimawa ba. An yi wa duwatsun bakin titi fenti saboda shi, fentin ya koɗe, an sake yi. 'Yan makaranta sun haddace waƙar maraba har wasu sun gama makarantar.

Duk wannan da kaina kaɗai ya tsaya da na yi shiru, ƙugu ai yana warkewa. Abin da ya hana ni sakat shi ne Doña Eufrosina, tsohuwar da ke ƙarshen layinmu, wadda rabin unguwar nan da wainar masararta aka yaye su. Tun daren girgizar ba ta sake kwana a ƙarƙashin rufi ba. A daren ita tana raga a tsohuwar rumfarsu ta itace da jan tayil na laka, mijinta Anatolio kuma ya shiga ɗakin kankaren da ɗansu ya gina musu da guminsa na ci-rani. Tayil ya zubo mata, ya karya mata hannu, ta tashi. Shi bai tashi ba. Da aka gina mata farin gida irin namu ta shiga ta share shi, ta ajiye hoton waliyyinta da buhun masara, ta fito ta ɗaura ragarta a gindin mangwaro. Can take har watannin nan, iska ta buga, raɓa ta sauka, ga wani tari da ya kama ta wanda daga ƙofata ina jin sa. Malamar asibiti ta faɗa wa Nicanora ba a ɓoye ba: in ruwan farko ya sami tsohuwar nan a waje, ƙirjinta ba zai kai ta ƙarshen damina ba.

Na je lallashi, na rage murya irin ta mutanen kirki.

"Doña, hadari ya fara haɗuwa ta wajen teku. Ki daure ki shiga ciki, ko na daminar nan ne. Injiniyoyi sun ce ba zai faɗi ba."

"Herminio, injiniyoyin ne suka tono Anatolio, ko kai da Melquíades?"

"Mu ne, Doña."

"To me ya kawo ka? In ɗaga ido in ga wannan dutse a bisa kaina? Gara ruwa. Shi ruwa ko ya kashe ni, a hankali zai yi, kuma zan gan shi yana zuwa."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan yoyon kuwa babu simintin da zai toshe shi. Na koma gida raina a ɓace, kuma ban san da wa zan yi fushin ba, da ƙasa ko da masu fanka.

Melquíades ne ya tuna da itatuwan. Lokacin da katafila ta zo kwashe ɓaraguzai, tana haɗa mai amfani da marar amfani tana zubarwa a bakin kogi, shi da surukansa sun janye ginshiƙan rumfar Anatolio da azarorinta da abin da ya tsira na tayil, suka jibge a bayan garken aladunsa. Ya ce, "Mu tayar mata da rumfarta, compadre. A ƙarƙashin wannan za ta yarda ta kwanta." Na tuna masa da dokar ƙusa da kara. Ya ce in je in karanta wa hadari dokar, in ya yarda ya jira shi ma zai jira.

Aka ba matar da ke da lasifikar unguwa saƙo. Tsakanin sanarwar wanda ya yanka alade da ta wadda akuyarta ta ɓata, ta ce ranar Lahadi bayan coci akwai gayya a gidan Doña Eufrosina, kowa ya zo da abin haƙa da bakinsa a rufe. Kun san irin rufin bakin da ake yi ta lasifika. Amma mutane sun zo, wallahi sun zo. Wasu tun ranar jana'izar gama-gari ban sake ganin haƙoransu ba sai ranar. Akwai 'yan'uwa biyu da suka daina gaisawa a kan iyakar fili bayan girgizar, sai ga su sun ɗauki azara ɗaya, ɗaya a kai ɗaya a gindi, suna zagin juna amma suna tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata suka dafa romon iguwana, wato irin damon ƙasarmu, da kunun masara, ni kuma saboda ƙuguna aka naɗa ni shugaban masu ba da shawara, muƙamin da na lura babu wanda ya taɓa yin gumi a cikinsa.

Da aka kafa ginshiƙi na biyu tsohuwar ta taso ta zo ta shafa shi. Akwai wani zobe a jikin itacen inda igiyar ragar Anatolio ta cinye shekara da shekaru. Ta sa yatsa a ciki ta zagaya, ta koma ta zauna. Kafin rana ta faɗi rufi ya hau. Gefe ɗaya ne kawai ya rage a buɗe, na wajen titi, wanda ta nan ruwa ke kaɗowa, don katako ya ƙare mana.

Ana wata ga wata. Ranar Litinin sai ga Mai Duba Bango, wani saurayi da riga mai dogon hannu a wannan zafi, ya sauko daga farar mota yana share gumi. An sa ranar zuwan Mai Girma, Juma'a, kuma ta layinmu za a bi da shi.

"Wa ya yi wannan? A rushe shi kafin Alhamis!"

Doña Eufrosina ta ƙare masa kallo daga cikin raga. "Kai ba jikan Crisanta mai cuku ba ne? Zo nan in gan ka. Ka rame. Ba sa ba ku abinci a ofishin?"

Muryar saurayin ta sauka. "Doña, don Allah ki gane. In aka ɗauki hoto tsohon itacen nan ya fito a gefen sababbin gidaje, ni za a kora. Za a ce aikin bai wadatar ba."

"To ya wadatar?"

Yaron ya dubi takalminsa. Na ji tausayinsa, don shi ma baƙo ne a kujerarsa, ba a miƙa masa ita ba tukuna. Amma tausayi ba ya tare ruwa, kuma da gaske yake, ya ce in ba mu sauke ba katafila za ta sauke. Na ga tsohuwar ta fara kwance igiyar ragarta daga ginshiƙin a hankali, za ta koma gindin mangwaro. Raina ya yi baƙi ƙirin.

Melquíades ya riƙe igiyar. Ya ce, "Tsaya, Doña. Samari, ai abin da Mai Girma bai gani ba bai faru ba, ko ba haka aikinku yake ba?"

"Haka ne. Amma ta yaya zai wuce bai ga wannan ba?"

"Akwai abu ɗaya da in ya gani ba ya ganin komai a bayansa."

"Mene ne?"

"Fuskarsa."

Ranar Laraba farar motar ta dawo da wani ƙaton tamfol, irin mai kaurin nan da ba a samu a kasuwarmu, ɗauke da hoton Mai Girma tun daga ƙasa har sama da rufi, yana murmushi, ya miƙo hannu. Ma'aikatan hukuma da kansu suka ɗaure shi a gefen rumfar na wajen titi, suka ja igiya tam, suka buga ƙusoshi, e, ƙusoshi, a ginshiƙin Anatolio. Daga titi ba ka ganin komai sai alheri. Ranar Alhamis da yamma kuma lasifika ta sanar cewa wani muhimmin aiki ya taso wa Mai Girma, an ɗage zuwan sai nan ba da jimawa ba. Babu wanda ya zo ya kwance tamfol, don ba a ba da umarnin kwancewa ba.

Shekaranjiya da la'asar sama ta yi baƙi, iska ta juyo daga teku, ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na bar fasinja a bakin kasuwa yana zagina, na taka adaidaita zuwa ƙarshen layi, na zagaya ta bayan tamfol. Tana nan a raga, barci take yi. Hannun nan da ya karye yana lilo a gefe, bargonta a bushe, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Nicanora ta riga ni zuwa, tana zaune a kan turmi ta sa yatsa a baki kada in yi motsi. Na tsaya a nan ina jin ruwa a kan tayil, sai na ji hawaye, kuma ban ji kunyarsu ba. Tun daren girgizar ban ga tsohuwar nan ta rufe ido biyu a lokaci ɗaya ba.

Da zan tafi na fito ta wajen titi na ɗaga kai. Ruwa yana ta tsula wa Mai Girma mari a kumatu, hagu da dama, shi kuwa yana murmushi, ko gezau. Na daɗe a wannan shafi ina cewa manyanmu ba sa tare wa talaka komai, yau na janye maganata a gaban kowa. Roƙona ɗaya ne ga masu tsara tafiye-tafiyensa: kada su wahalar da na gasken da doguwar hanya. Wannan da suka aiko mana ya fi shi aiki, kuma ba ya cin abinci.